Yadda nake koya wa 'yan aji biyu na injiniyan lantarki aiki da hannu: haɗa pawa saplai mai bolt 5

Wannan rubutun na yi shi ne saboda sababbin malamai da aka ɗauka aiki kwanan nan aka ce su riƙe lab ɗin 'yan aji biyu, da kuma teknolojis ɗinmu waɗanda a gaskiya su ne ke ɗauke da nauyin ɗakin gwaji. Abin da ya sa na dage a kan wannan hanyar, wata shekara ina zaune cikin masu sauraron difens na 'yan ajin ƙarshe, wani yaro mai ƙoƙari sosai a takarda ya kawo na'urarsa tana aiki ras, sai wani abokin aikina ya ɗauko kafasita a kan tebur ya miƙa masa ya ce nuna min ƙafar da ake jona wa fositib. Yaron nan ya juya ta ya sake juyawa har gumi ya keto masa. Shekara biyar a jami'a fa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, don na san laifin namu ne, mu muka ba shi handaut ya haddace ya juye mana a jarrabawa muka ba shi maki. Tun daga lokacin duk ajin da ya biyo ta hannuna sai sun haɗa pawa saplai da hannunsu, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar wutar soket ta mayar da ita DC, wato wutar da ba ta kai-komo irin ta batir, bolt 5 tsayayya. Na zaɓe ta ne don ba ta da tsada, kuma a cikinta akwai transfoma, akwai diyod, akwai kafasita, akwai lissafin zafi, kusan rabin abin da muke rubuta musu a allo yana ciki. Zama huɗu ake yi, kowane zama awa uku.

Kayan da za ka tanada wa kowane guruf

Transfoma mai sauke wuta zuwa bolt 12, mai amfiya 1. Diyod 1N4007 guda huɗu, amma ka sayo da rara sosai don sai an ƙona. Kafasita mai maikrofarad 2200 bolt 25 guda ɗaya, da wasu ƙanana kamar 1000 da 470 da 220 na gwaji. Regiuleta 7805, wato abin da ke tsayar da wuta a bolt 5, da ƙarfen shanye zafi da ake ɗaura masa da noti. Ƙananan kafasita masu maikrofarad 0.33 da 0.1 na gefen regiuletan. LED ɗaya da rezisto om 330. Rezisto om 10 mai wat 5 ko 10, irin farin nan mai kama da guntun alli, shi ne lodinmu, wato abin da zai ja wutar. Sai fis da gidansa, makunni, waya mai fulogi, buredibod (allon gwaji da ake cusa waya ba dalma), berobod (allon da ake liƙa kaya da dalma), ayan na narka dalma, dalma, filaya, abin yanke waya, salatef na wuta. Mita aƙalla ɗaya ga kowane guruf, wannan kam ba na sassauci a kanta. Osiloskof kuma, wato na'urar da ke nuna hoton igiyar wuta, ko guda ɗaya ne a lab ɗin gaba ɗaya zai yi, a riƙa zagayawa.

In kana Kano, a kasuwar Sabon Gari za ka samu kusan duk waɗannan. Ka tafi da mitarka a aljihu ka auna kafin ka biya. In kuɗi ya yi wuya, kuma yakan yi, ka je wajen masu gyaran rediyo ko 'yan gwangwan ka sayo tsofaffin rediyo da DVD da sitabilaiza da suka mutu, yara su warware su ciro abin da ke da rai, wannan ma darasi ne mai zaman kansa. Amma dan Allah kar ka bar su su buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko na'urar ɗumama abinci, kafasitocin cikinsu suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko an daɗe da cire su daga soket.

1. Fara haɗa shi kai kaɗai

Mako ɗaya kafin yara su shigo, ka zauna kai da teknolojis ku haɗa abin daga farko har ƙarshe da ainihin kayan da aka sayo, ba waɗanda ke cikin durowarka ba. Ka auna kowane mataki ka rubuta. A nan ne za ka gane cewa transfomar da aka rubuta wa amfiya 1 tana iya durƙushewa tun a rabin haka, ko buredibod ɗin layin wutarsa na gefe a yanke yake a tsakiya sai an yi masa gada da 'yar waya. In ba ka gano waɗannan da kanka ba, za ka gano su a gaban yara arba'in lokaci yana tafiya. Wanda ka haɗa ɗin ka ajiye shi a ɓoye, kar ka ɗora a tebur, in suka gan shi kwafa za su yi waya da waya ba tare da sun san dalili ba.

2. Raba guruf

Mutum uku shi ne daidai, huɗu in ya zama dole. Da zarar sun kai shida toh mutum biyu ne ke aiki, sauran suna danna waya. In ajin ya kai mutum ɗari da ashirin kuma tebur goma kake da shi, ka raba su kashi-kashi a ranaku daban-daban, na san wahala ce a kanka amma ba wata hanya. Kai za ka raba, kar ka bar wa kilas ref, don abokai za su tattaru wuri ɗaya, masu ƙoƙari su ware kansu.

Akwai aiki uku, mai haɗawa, mai awo, mai rubutu, kuma kowane zama sai an yi musanya. Ka sa ido sosai a nan, abin da na sha gani shi ne in akwai mace ɗaya a guruf nan take a miƙa mata biro da littafi a ce ke rubutunki ya fi kyau, ta gama simesta ba ta taɓa riƙe ayan ba. Ni ina zagayawa ne da takarda ina yi wa sunan wanda ke haɗawa alama, in na ga hannu ɗaya sau biyu a jere sai in ce ya tashi su canja. Haka kuma yaran da suka zo daga foli ko kwalejin fasaha, hannunsu ya riga ya faɗa, ka warwatsa su ɗaya-ɗaya cikin guruf amma ka ja musu kunne, aikinsu su nuna, ba su karɓe su yi ba.

3. Maganar tsaro, kafin kowa ya taɓa komai

Wutar soket ɗinmu bolt 230 ce mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma tana kisa, ka faɗa musu haka ƙarara. Ɓangaren transfoma da ke karɓar wutar soket ba ya hawa buredibod, sam. Ni da teknolojis muke jona fulogi da fis da makunni tun kafin zama, mu naɗe da salatef ko mu sa a cikin 'yar roba, wayoyin bolt 12 kaɗai muke bar musu a waje. Dokokina uku ne, ba a kunna wuta sai malami ya duba, ba a gyara waya wuta na kunne, ba a sunkuya da fuska kan kafasita lokacin kunnawa. Ka nuna wa kowa inda babban makunnin lab yake. Masu hijabi ko babbar riga su tattare, musamman ranar ayan.

4. Zaman farko: su faɗi abin da za a gani kafin a auna

Wannan shi ne zuciyar aikin, in ka tsallake shi kamar ba ka yi komai ba. Lakca kar ta wuce minti ashirin. Zana musu hoton abin a dunƙule, transfoma tana sauke wuta, diyod huɗu suna juya rabin da ya yi ƙasa ya koma sama, kafasita tana cike gurbi, 7805 yana yanke rara ya bar 5. Shikenan, ka tsaya.

Sai ka jefa tambaya, transfomar nan bolt 12 ce, in muka wuce diyod muka sa kafasita, nawa mita za ta nuna? Kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai a littafinsa da biro, ba fensir ba. Sannan a ɗaga hannu. Yawanci za su ce 12, wasu su ce ƙasa da 12 saboda diyod sun ci nasu, 'yan kaɗan su ce ya fi. Kar ka faɗi amsa, ko fuskarka kar ta nuna. Ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, minti uku, ajin zai kaure da musu kamar tasha, ka bar su, wannan hayaniyar ita kake nema. A sake ɗaga hannu, za ka ga adadin ya sauya. Sai a je a auna.

Mita ta nuna kusan 16 ko ma 17. A nan za ka ga ido ya fito, wani ya ce malam mitar nan ta lalace. Yanzu ne lokacin bayani, don yanzu suna son ji. Bolt 12 ɗin RMS ne, wato awon ƙarfin aikin wuta mai kai-komo ba ƙololuwarta ba, ƙololuwar igiyar sai ka ninka da 1.414, ya ba ka kusan 17, ka cire wajen 1.4 na diyod biyu da wuta ke ratsawa a kowane zagaye, saura 15.6, kuma kafasita ƙololuwar take kamawa ta riƙe. In ba lodi transfoma takan ba da 13 ko fiye ma, shi ya sa awon ke ɗara lissafi. Daga nan ka tambaye su, toh me ya sa ban sayo kafasita mai bolt 16 ba alhali ta fi araha? Su da kansu za su ba ka amsa. Ma'anar RMS ɗin nan sun rubuta ta a jarrabawa sun ci, amma sai ranar take zama a kansu.

Wannan salon ba ni na ƙirƙiro shi ba, wani malamin fiziks na jami'ar Harvard, Eric Mazur, shi ya yi fice da shi tun farkon shekarun 1990. Akwai kuma wani babban nazari da aka fitar a 2014 wanda ya tattara bincike 225 a darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi, ya nuna masu faɗuwa a ajin da lakca zalla ake yi sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari, a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu kuma kusan kashi 22. Ina kawo wannan ne don akwai manyan da za su ce maka ɓata lokaci kake yi ba ka gama silabus ba, ka samu abin faɗa musu cikin ladabi.

5. Zama na biyu: a haɗa gaɓa-gaɓa

Babban kuskuren yara shi ne su jera komai gaba ɗaya su kunna, in bai yi ba su zare komai su sake daga farko, har sau biyar. Ka hana wannan. Transfoma kaɗai, a auna a AC, wato wuta mai kai-komo, a rubuta. A ƙara diyod huɗu, a mayar da mita DC, a auna, a rubuta. A kashe, a ƙara kafasita. A kashe, a ƙara 7805. Kowace gaɓa akwai layi biyu a littafi, abin da muka zata da abin da muka samu, in sun bambanta a rubuta dalili.

Ga wuraren da ake faɗawa rami kusan kowace shekara. Na farko transfoma mai waya uku da aka rubuta wa 12-0-12, ita ta fi yawa a kasuwa, yaro ya ɗauki wayoyin gefe biyu ya bar ta tsakiya, ka ga ya samu 24 kenan, ƙololuwa ta doshi 34, kafasita mai bolt 25 ba za ta ɗauka ba, shi kansa 7805 iyakarsa 35. A yi amfani da ta tsakiya da gefe ɗaya, ɗayar a naɗe ta. Na biyu juya kafasita, gefen da ke da zane mai alamar ragi shi ne negatib, kuma in sabuwa ce ƙafarsa ta fi gajarta. In aka juya takan kumbura ta fashe da ƙara kamar nokawut, takarda da wari su cika tebur. Na uku ƙafafun 7805, in rubutun yana kallonka ƙafafu suna ƙasa, hagu shiga, tsakiya giraun, dama fita. Ka duba kar a haɗo maka da 7905 a cikin leda, kamarsu ɗaya amma aikinsu da jerin ƙafarsu daban. Na huɗu, kuma shi ya fi cinye mana mitoci, a bar jar waya a ramin awon amfiya a je a auna bolt, nan take fis ɗin mita ya tafi. Ka sa su saba duba rami da maɓalli kafin su ɗora.

In guruf suka kira ka suka ce malam ba ya yi, ka sa hannunka a baya. Da gaske nake, ni har aljihu nake sa su. Ko ka hango matsalar daga nesa kar ka taɓa. Tambaya kawai, ina ne wuri na ƙarshe da kuka auna kuka samu daidai? Toh daga can zuwa nan me ke tsakani? Da wuya ka yi tambaya uku ba su gano ba. Na san zuciya tana so ka gyara cikin daƙiƙa biyar ka wuce tebur na gaba, amma in ka gyara kai ka ƙara ƙwarewa su kuma sun koyi kiran malam.

Wajen osiloskof, ka nuna musu igiyar a wuri uku, bayan transfoma, bayan diyod ba kafasita, sannan da kafasita, su zana da hannu. Gargaɗi ɗaya, kilif ɗin giraun na layukan osiloskof a haɗe suke ta ciki, in ka maƙala ɗaya a wayar transfoma ɗaya a negatib na DC ka yi wa diyod shot kenan. A duba ɗaya bayan ɗaya. In babu osiloskof kwata-kwata, akwai ƙaramin nan DSO138 da ake sayarwa a warwatse a haɗa, ba shi da ƙarfi amma ya ishi aikin igiya mai 50 da 100. In shi ma babu, a yi amfani da LTspice a kwamfuta, kyauta ne, ko Falstad da ke buɗewa ko a waya. Sai dai kar kwamfuta ta maye gurbin tebur, a cikinta ba abin da ke zafi ba abin da ke wari.

6. Zama na uku: a ɗora lodi a ga gaskiya

Ba lodi kowane pawa saplai gwani ne, LED ta kama yara su fara murna suna ɗaukar hoto. Sai ka miƙa musu farin reziston nan om 10. Kafin su jona su yi lissafi, bolt 5 a kan om 10 rabin amfiya ne, zafin da zai fitar wat 2.5. Tambaye su me zai faru in an sa ƙaramin rezisto mai kwatan wat, in kana da rara ka bar guruf ɗaya su gwada kowa ya ga hayaƙin daga nesa.

Sai rawar wuta, wato yadda bolt ɗin kan kafasita ke sauka yana hawa tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa. Lissafin mai sauƙi ne, amfiya raba ta da 100 sau girman kafasita a farad (farad ɗaya maikrofarad miliyan ne), 100 ɗin kuma saboda diyod huɗu sun ninka 50 ɗin soket. Da rabin amfiya da 2200 za ka samu kusan bolt 2.3, da 1000 kuma 5. Shi 7805 yana buƙatar aƙalla wajen bolt 7 a ƙofarsa kafin ya riƙe 5. Ka sa su sauka zuwa 470 sannan 220 suna kallon fita, za a kai inda 5 ɗin zai fara lotsawa. Su nemo wurin da kansu. A kashe wuta kafin kowane canji, a sauke cajin kafasita ta rezisto, ba da sukundireba ba.

Yanzu a sa ɗan yatsa kusa da regiuleta, kusa na ce ba a kai ba. Wajen bolt 14 ke shiga 5 ke fita, ragowar 9 sau rabin amfiya, wat 4.5 kenan yana tafiya a zafi, ya fi wanda lodin ke amfana da shi. Ba tare da ƙarfen shanye zafi ba cikin ɗan lokaci zai kashe kansa don yana da kariya a ciki, ka ga fita ta faɗi, ya huce ya dawo. A watan Afrilu da lab ke kamar tanda abin ya fi saurin faruwa.

Daga nan nake jefa musu tambayar da na fi so a duk aikin. Tunda zafi ya yi yawa, me zai hana mu sayi transfoma mai bolt 9? Da 9 ƙololuwa 12.7 ce, cire 1.4 saura 11.3, zafi ya ragu sosai, kowa ya ce eh malam 9 ta fi. Sai in ce toh a unguwarku wuta cikakkiya take zuwa kullum? Dariya. A ce ta zo 170 maimakon 230, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar. Su lissafa, transfoma mai 9 za ta ba da wajen 6.7, ƙololuwa 9.4, cire diyod saura 8, cire rawar wuta 2.3, an faɗo ƙasa da 7, na'ura ta gaza. Mai 12 kuma za ta ba da wajen 8.9, ƙololuwa wajen 12.5, bayan an cire komai tana nan kusa da 8.8, ta tsira. Toh wacce za a saya? Ba amsa ɗaya, ya danganta da inda za a yi amfani da ita da kuɗin da ke hannu, wani zai ce a bar 9 a ƙara girman kafasita, wani ya ce 12 da babban ƙarfe. Kowane guruf ya zaɓa ya kare zaɓinsa da lissafi a shafi ɗaya. Na taɓa ganin wata yarinya mai shiru-shiru da ba ta taɓa magana a aji ba ta miƙe tana ja da guruf guda a kan wannan, da alƙalumanta a hannu, kuma ita ce da gaskiya. Abin da ake kira injiniyanci kenan, kuma littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta rawa ba za su kawo maka wannan tambayar ba, kai za ka kawo ta.

In akwai bariyak a lab, wato transfomar da ake murɗawa a rage wuta, ka gwada musu a gani da ido, kai za ka riƙe ta ba su ba.

7. Ɓata musu da gangan

Minti talatin na ƙarshen zama na uku, ka fitar da su waje su sha iska, kai da teknolojis ku bi tebur-tebur ku sa matsala ɗaya a kowanne. Nan a zare diyod ɗaya, can a sa wadda ta mutu, wani a ɗage ƙafar giraun ta 7805, wani a sa waya da ta karye a cikin roba. Kafasita kam ba a juya ta, da haɗari, haka diyod ma ba a juya ta don tana iya yi wa transfoma shot. Su dawo, minti goma sha biyar, da mita kawai, kuma kafin su taɓa komai su rubuta abin da suke zargi da dalili. Wannan shi ne abin da za su tarar ranar da suka je SIWES a aji huɗu, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da hukumar ITF ta faro tun 1973, ba wanda zai ba su sabon abu su haɗa, abin da ya lalace za a turo musu.

8. Zama na huɗu: dalma

A mayar da da'irar kan berobod. Kowa sai ya yi aƙalla gaɓa biyar da hannunsa. A ɗora bakin ayan ya taɓa ƙafa da jan ƙarfen allon tare, a kawo dalma ta narke a kansu, ba a kan ayan ba, daƙiƙa biyu zuwa uku a ɗaga. Mai kyau tana sheƙi kamar ɗan tsauni, marar kyau ta dunƙule kamar ƙwallo ta yi dishi-dishi. A tuna yanke layin jan ƙarfe inda ya kamata, a duba da mita ko layi biyu sun haɗu kafin a kunna. A buɗe tagogi, a wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma guba ce.

Matsalar ranar nan ita ce wuta. Ka nemi alƙawarin janareta tun da wuri, a rubuce. In ba ta samu ba, akwai ayan mai aiki da batir bolt 12 ko na gas, ko guda biyu ka tanada. Sauran matakan ma in an ɗauke wuta ba a zaman banza, ɓangaren 7805 da lodi ana iya gwada shi da batirin mota ko na sola, a sa fis a layin.

9. Maki da ajiye shaida

In ka ɗora makin a kan rahoto, rahoto ɗaya za ka karanta sau arba'in da sunaye daban-daban, yanzu ma da ChatGPT ya zo abin ya ƙara sauƙi. Ni kaso mafi girma ina ba wa abu biyu ne, littafin lab da aka rubuta a wurin na sa hannu kafin a fita, da tambayar baki ta mutum ɗaya-ɗaya. Minti uku ta isa. In nuna abu a kan allonsu in ce in na cire wannan me zai faru, ko in miƙa mita in ce auna min amfiyar da lodi ke ja. Wanda ya yi aiki da wanda ya raka, nan take ake ganewa. Ragowar makin a raba tsakanin na'urar da ke aiki, shafin kare zaɓi, da gano matsala. Ka faɗa musu wannan rabon tun ranar farko. Kuma hasashen da bai zo daidai ba kar ka rage masa maki, in ka rage sau ɗaya za su koma aunawa a ɓoye su rubuta a matsayin hasashe, ka rasa duk abin da kake nema. Awon ƙarya shi nake hukuntawa, wanda ya rubuta 5.00 cif alhali mitarsa 4.96 ta nuna.

Ka ajiye samfurin littattafan, mai kyau da matsakaici da mai rauni, da takardar makin, da hotuna. Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta, a 2023 ta hannun COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan, kuma tsarin tantancewar yanzu yana tambayar abin da ɗalibi ya iya yi ne da shaidarsa, ba abin da malami ya ce ya koyar kawai ba. Ranar da masu tantancewa suka zo shugaban sashe zai neme ka, wannan fayil ɗin kuma shi ne hujjarka in za ka nemi kuɗin kayan baɗi.

Kafin su watse a ƙirga mitoci da ayan, a ware kayan da suka ƙone a kwali daban don su ne na ɓatawa da gangan a shekara mai zuwa. Ka ɗauki minti goma kai ma ka rubuta inda aka fi makalewa tun kana tunawa. Na'urorin da suka yi aiki kuma ba na barin su tafi da su gida, kowane guruf ya sa tasa a roba ya rubuta sunayensu a jiki, mu jera a kabad, don simesta mai zuwa in an zo lab ɗin dijital ƙananan IC ɗin nan na jerin 74 bolt 5 suke ci, kowa da abin da ya haɗa zai kunna nasa.